Shekara Tara Babu Fuseini

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Fuseini, abokin tagwaitakata. Ciki ɗaya ya ɗauke mu, rana ɗaya aka haife mu a gidanmu na unguwar Tishigu. Ya yi shekara ashirin da biyu a duniya, kuma a cikinsu bai taɓa dafa ƙasa ya miƙe da ƙafarsa ba. Duk shekara idan damina ta kankama, masu gasa masara suka fito bakin titi, sai in san lokacin ya zagayo. Na saba in yi masa addu'a, in dafa abin sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa, domin wani abu ya faru a dangin mijina da ya sa na koma ina tunanin farkon rayuwarsa fiye da ƙarshenta.

Abin da na sani game da jarintarmu daga bakin mahaifiyarmu na ji shi, wadda muke kira Mma. Ta ce ni na fito da tsakar rana ina tsala kuka, shi kuwa ya daɗe bai biyo ni ba. Da ya fito bai yi kuka ba, jikinsa ya yi duhu, sai da aka yi ta yayyafa masa ruwa ana kaɗa masa kwano a kunne kafin ya saki wata 'yar ƙara kamar ta kyanwa. Kafin ranar suna idanunsa suka yi rawaya. Manya suka ce shawara ce, a riƙa fitar da shi hantsi zai washe. Aka yi suna, aka yanka raguna biyu, kowa ya watse yana sa albarka.

Uwar 'yan biyu ba ta buƙatar wanda zai gaya mata yadda jariri ya kamata ya kasance, tunda ga wani a gefe tana gani. Ina kama nono in ƙoshi in yi barci, shi sai ya yi ta fama, ya kama ya saki, ya shaƙe, nonon ya dawo masa ta hanci. Wuyana ya tsaya da wuri, nasa kuwa har muka wuce wata biyar kansa na lanƙwasa baya idan aka ɗaga shi. Ina buɗe hannu in cafki sarƙar wuyan Mma, nasa hannun dama kullum a dunƙule, babban yatsa a ciki, har wurin ya riƙa yin wari sai an buɗe da dabara an wanke. Wani lokaci jikinsa ya yi laƙwas kamar tsumma, wani lokaci in ya yi kuka ya sandare, ya banƙare baya kamar baka. Na juya, na zauna, na fara rarrafe, yana nan kwance inda aka ajiye shi yana bina da ido.

Amma abin da Mma ta fi ambata shi ne goyo. Kowace mace ta san yadda yaro yake buɗe ƙafafu ya rungumi ƙugun uwarsa da zarar an ɗora shi a baya. Ta ce ƙafafun Fuseini ba sa buɗewa. Suna miƙewa su harɗe kamar almakashi, tafin ya nuna ƙasa, sai ta tura hannu baya ta raba su a hankali kafin ta ɗaura zani. A haka take zuwa sayar da koko da ƙosai a bakin titi kowace safiya, shi a bayanta, ni a hannun wata maƙwabciyarmu.

Ta yi magana, ba wai ba ta yi ba. Aka ce mata namiji ne, maza sun fi nauyin jiki. Aka ce na shanye masa ƙarfi tun a ciki, zai rama. Aka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ranar awon jarirai a ɗora shi a sikeli, a ga bai rame sosai ba, a ɗiga masa rigakafi, ta dawo gida. Kunya ba ta barinta ta tsayar da layi ta ce a duba mata wuyansa, kuma a ganinta in da akwai matsala ai da an gaya mata. Da muka cika shekara bai zauna ba, sai maganar mutane ta sauya. Wani dattijo daga dangi ya zo ya keɓe da Baba a zaure, ya ce wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, akwai masu sanin yadda ake sallamar irinsu su koma inda suka fito. Baba ba mai yawan magana ba ne. Tela ne, batakari, rigar saƙi ta maza, yake ɗinkawa a wani ɗan shago kusa da kasuwa, yini guda kansa a sunkuye. Ya bar dattijon ya gama, sannan ya ce shi ya yi wa yaron nan kiran salla a kunne, kuma bai taɓa jin an yi wa aljani huɗuba ba. Ya raka shi ƙofa. Dattijon bai sake taka gidanmu ba har ya bar duniya.

Sai da muka kusa shekara huɗu aka kai shi babban asibiti, shi ma don jijjiga ce ta kama shi. A can likita ya yi musu bayani, wata nas tana mayarwa da Hausa. Ya ce wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ne ya sami rauni wajen haihuwa, wataƙila saboda jinkirin numfashi, wataƙila shawarar nan ta ƙara. Ba ya yaɗuwa, ba laifin uwa ba ne, ba kuma ya warkewa. Amma da an kawo shi tun yana jariri, da masu motsa gaɓoɓi sun koya mata yadda za ta riƙa zaunar da shi, ta miƙar masa da ƙafafu, ta ciyar da shi ba tare da ya shaƙe ba. Yanzu jijiyoyin sun riga sun ɗaure. Ya tambaye ta ko ba ta lura da komai ba yana ƙarami. Mma ta ce ga amsar da ta ba shi:

"Duk na gani, likita. Ban dai san sunan abin da nake gani ba."

Sunan da na ji ana kiran larurar da shi daga baya a rediyo shi ne galahanga. A lokacin ko wannan ba mu da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba na son mai karatu ya ɗauka rayuwar Fuseini jinya ce kawai. Baba ya sa kafinta ya yi masa kujera mai jingina, ya ɗinka mata maɗauri da ragowar ƙyallen batakari, ake ajiye shi a bakin zaure inda iska ke shigowa. Daga nan ya san Tishigu fiye da mu masu yawo a cikinta. Yana gane babur ɗin kowa da ƙararsa tun kafin ya shawo kwana. Akwai makarantar allo a bayan katangarmu, da kunne kawai ya haddace surori masu yawa, har in ina tilawa na yi tuntuɓe sai ya buga ƙafar kujera da dunduniya. Rediyonsa na rataye a wuyan kujerar, ranar da ake ƙwallo kuwa ba mai samun sakewa a gidan. Yana da fushi, yana da tsokana, kuma ba ya yafe wa mai yi masa magana kamar jariri.

Maganarsa ce mai nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita, wuyansa ya murɗe, yawu ya zubo, sannan ta fito. Yawancin mutane ba sa iya tsayawa. Wata baƙuwa ta taɓa zuwa wurin Mma, ta gaishe shi, kafin ya haɗa amsa ta juya ta tambaye ni ko yana jin magana ma kuwa. Muna tsaye ya gama tattara abin da zai faɗa.

"Ina ji. Ke ce ba kya jira."

Matar ta rasa inda za ta sa kanta. Shi kuwa ya yi ta dariya har sai da na gyara masa zama.

Akwai abin da ba ya yi wa dariya. Mata masu ciki sukan sauya hanya, ko su ja mayafi su kare fuska idan za su wuce ƙofarmu, wai kada abin cikinsu ya yi kama da shi. Yana ganinsu sarai. Bai taɓa cewa komai a kai ba, sai dai in ya hango irinsu daga nesa yakan ce in juya masa kujera ta fuskanci cikin gida. Ya ce don kada su sha wahalar zagaye.

Da na isa aure, masu zuwa zance dole ta gabansa suke wucewa. Wasu su ɗaga masa hannu su shige. Sulemana, wanda yanzu shi ne mijina, ranar farko ya tsuguna ya gaishe shi, ya zauna a tsugune har Fuseini ya tambaye shi gida da aiki da mutanen unguwarsu Kaladan ɗaya bayan ɗaya. Bayan ya tafi, Fuseini ya ce mini wannan, ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ba ta da kirki, amma shi yana da kirki. An sa bikinmu bayan babbar salla. Fuseini bai kai ba.

Tun yana ƙarami haɗiya ke ba shi wuya, abinci yakan ɓace masa hanya ya tafi ƙirji. A daminar shekarar nan tari ya kama shi, ya zama zazzaɓi, numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar. Muka kai shi asibiti aka ce ciwon huhu ne. Ya yi kwanaki kaɗan. Wata ranar Talata bayan la'asar, ina riƙe da hannun nan nasa na dama, Mma na tofa masa addu'a, ya cika. Abin da ba zan manta ba a zaman makoki shi ne yadda mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, suka riƙa ce wa Mma ya huta, ita ma ta huta. Tana amsawa da amin, kanta a ƙasa. Sai da gida ya yi sauƙi, muna wanke kwanuka, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Wa ya gaya musu na gaji?"

Baba bai daɗe sosai a bayansa ba. Mma na nan, ƙafa ta hana ta fita da koko, amma hankalinta garau.

Yanzu in zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mijina yana da ƙanwa, Rahinatu, tana aure a unguwar Gurugu. Shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce ta haifi 'yarta ta fari, Mardiya, haihuwar bakwaini, suka ɗan kwanta a asibiti aka sallame su. Yarinyar tana da kamar wata shida muka haɗu a wani suna na dangi. Rahinatu na rabon abinci, Mardiya na kuka, sai na karɓe ta in goya. Na sunkuya, na ɗora ta a baya, na jira ƙafafunta su rungume ni. Ba su buɗe ba. Na ji su a miƙe, a harɗe, suna tokare mini baya. Na haifi yara biyu, na goya na mutane ba adadi, ban taɓa jin haka a jikina ba, amma nan take na gane shi kamar na taɓa ji. Na sauke ta na zauna da ita a cinya. Kanta yana rinjaya. Hannu ɗaya take miƙawa ga abin wuyana, ɗayan a dunƙule yake.

Na koma gida ina ta juya abin a raina. Ni ba likita ba ce, kuma ba kowane yaro mai jinkiri ne yake da wannan larura ba, balle bakwaini da dama sukan makara. Ga shi ni matar wa ce, ba 'yar gida ba. Surukata ta riga ta faɗa a wurin sunan cewa yarinyar lalaci ne da ita irin na ubanta, kowa ya yi dariya. Na san kuma abin da za a ce idan maganar ta fito daga bakin 'yar gidan su Fuseini. Na je na sami Mma na zayyana mata. Ta yi mini tambayoyi kamar mai duba mara lafiya: yaya shan nononta, tana juyawa, in an tsayar da ita a cinya da tafin ƙafa take tsayawa ko da 'yan yatsu. Da na gama amsawa ta ce in tashi in tafi Gurugu. Ta ce in an duba aka ga ba komai, na ji kunya ta kwana biyu, in kuwa akwai, to yarinyar ce za ta ɗauki shirun da na yi har ƙarshen rayuwarta.

Na tafi da hantsi, lokacin da na san mijin Rahinatu ya fita. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na faɗa mata abin da na lura da shi, na ce mu je a duba, ba don na tabbata ba. Rahinatu ta karɓe 'yarta daga hannuna. Fuskarta ta sauya yadda ban taɓa gani ba.

"Sista Asana, don naku ya zo a haka, shi ne kike nema wa tawa?"

Na yi mata sallama na fito na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ina share hawaye da gefen mayafi har gida. Maganar ta kai kunnen surukata, aka kira Sulemana aka ce ya ja wa matarsa kunne, bakinta ba alheri. Aka daina kirana a waya. An yi wani biki a dangin ban ji ba sai bayan an watse. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ban taɓa sanin mai faɗarta ma yana shan nasa kason ba sai a lokacin. Ban riƙe Rahinatu a zuciya ba. Yarinya ce da haihuwar fari, na zo na ambaci abin da take tsoro.

Bayan kamar wata biyu, wata safiya ina shara sai ga ta a ƙofa da goyo. Ba ta zo wurina ba, cewa ta yi in raka ta wurin Mma. Ashe tun ranar da na je ta kasa daina kallon hannun yarinyar. Ta ce ta daɗe da ganin komai, tun kafin in yi magana, tana dai jiran wani ya ce mata ba komai ne. A Tishigu Mma ta karɓi Mardiya ta kwantar a cinya, ta shafa mata ƙafafu, ta yi ta yi mata wasa har ta yi murmushi. Ba ta ce ga abin da ke damunta ba. Ta ce wa Rahinatu gobe ta yi sammako ta je asibiti, kuma kada ta bari a tsaya a sikeli, ta buɗe baki ta faɗi duk abin da ta gani, ko layi zai kai titi.

Likitoci sun tabbatar. Na so a ce na yi kuskure, na sha kunyar da Mma ta ambata. Amma an fara aiki da wuri. Ana kai Mardiya wurin masu motsa gaɓoɓi, an koya wa uwarta yadda za ta riƙe ta, yadda za ta zaunar da ita kafin ta ba ta abinci, yadda za ta sa hannun nan mai dunƙulewa ya shiga wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau tana zama da kanta. Tana cin tuwo da hannunta, rabi a baki rabi a riga. In ta kama gefen kujera tana miƙewa, ƙafafun na rawa. Ba wanda ya yi mana alkawarin za ta yi tafiya, kuma ba warkewa ta yi ba. Ubanta har yanzu bai cika son a fita da ita taro ba. Surukata kuwa, wadda ta ce bakina ba alheri, ita ke raka su asibiti ranar da Rahinatu ke kasuwa, ko da yake ba mu taɓa tayar da tsohuwar maganar ba.

Nakan tambayi kaina me Fuseini zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin da ya yi murna da ganin matan da ke haɗuwa a barandar asibiti da 'ya'yansu a cinya, suna hira a fili ba mai rufe fuska. Da ya so wayar hannu, don na ga yara irinsa suna nuna abin da suke so da taɓa hoto, ba sai sun yi kokawa da harshe ba. Amma shi ba mai saurin yabo ba ne. Da ya tambaye ni yara nawa ne har yanzu ke kwance a ƙuryar ɗaki a unguwanninmu, waɗanda maƙwabta ma ba su san da su ba. Da ya tambaya ko an daina cewa ɗan ruwa. Da ban sami amsar da za ta gamsar da shi ba. Akwai kuma tambayar da ni ce nake yi, ba shi ba: da an san abin tun muna goye, da ya zauna da kansa? Da haɗiyar ta yi masa sauƙi, da yana nan ya ga 'ya'yana? Allah kaɗai ya sani, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na yarda da haka. Yarda dai ba ta hana kewa.

Ga uwar da ke karanta wannan, ko uba, ko kaka: idan jaririnku ya yi rawaya a kwanakin farko, asibiti za ku nufa, ba hantsi ba. Idan watanni na tafiya wuya bai tsaya ba, jiki na sandarewa ko yana laƙwas, hannu ɗaya kawai ke aiki, shan nono ya zama yaƙi, ku je ku faɗa da bakinku. Wataƙila a ce ba komai, ku dawo kuna hamdala. Idan kuma a jikin ɗan wata kuka gani, ku nemi lafazi mai taushi ku gaya mata, ko da za ta yi fushi.

Fuseini bai bar ɗa ba, bai bar gida ko gona ba, hotunansa ma ba su da yawa. In aka auna da ma'aunin mutane, sai a ce ya zo ya koma bai bar komai ba. Amma akwai yarinya a Gurugu da ke zaune da kanta yau saboda ya rayu a gidanmu, ko da yake ba za ta taɓa saninsa ba. Ni kuma duk inda na faɗi sunana a garin nan, a asibiti ko a kasuwa ko a makarantar yara, sai an sami mai yin murmushi ya ce, Asana, to ina Fuseininki? Shekaru da yawa ina cewa ya rasu, in yi sauri in kawo wata magana. Yanzu nakan ce ya rasu, sannan in mai tambayar yana da lokaci, in gaya masa wane ne shi.

Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana. Ya sa ka miƙe a inda babu ciwo, ya haɗa mu a can kamar yadda ya haɗa mu a farko.